Uku Ko Takwas

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Shida da ɗigo huɗu. Abin da na'ura ta nuna ke nan yau a gindin bangon asibitin haihuwa. Ni kuwa uku da ɗigo shida na lissafa na sa hannu, kuma hukuma ta ja mana kunne kada mu kuskura mu wuce biyar.

Bari in jera wa kaina abin daga farko, ko zan ga inda na yi tuntuɓe. Muna fasa dutse a bayan gari. Ginin da ya fi kusa da mu shi ne asibitin nan, tsohon gini mai rufin kankare. Aikina, kafin a tayar da nakiya in faɗi yawan girgizar da za ta isa bangonsa, in yanke abin da za a zuba a kowane rami, sannan in je in kafa na'ura in ga ko ƙasa za ta gaskata ni. Shekara biyu tana gaskata ni. Yau ta ƙaryata ni a gaban Sista, shugabar ma'aikatan jinya, wadda ta fito da safar roba a hannu tana tambayar ko kanmu ɗaya.

Ramuka goma sha biyu ne, kuma ba tare suke tashi ba. Sirrin aikin ke nan gaba ɗaya. Kowane rami da fiyus ɗin da ke tayar da shi, kowane fiyus da lambarsa a 'yar takardar da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Na ɗaya ya tashi, na biyu ya bi, tazarar ko ƙiftawar ido ba ta kai ba. Kunne ƙara ɗaya yake ji, amma ƙasa ƙananan duka goma sha biyu take sha maimakon ƙato guda.

Mutum ɗaya ne ke da lasisin taɓa fiyus a duk ma'aikatar. Shekara talatin da huɗu yana yi, ko farcen wani bai taɓa cirewa ba. Ma'aikata Gwani suke ce masa. Ni bakina ya ƙi, Baba nake ce masa a gida da wurin aiki.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na buga zanen da na'ura ta ɗauka. Ya kamata in ga tsini goma sha biyu a jere kamar haƙoran mataji. Goma sha ɗaya na ƙirga. Wurin na uku giɓi ne, na takwas kuwa ya zarce 'yan'uwansa tsawo nesa ba kusa ba.

Na ninke takardar na tura can ƙasan jaka. Lissafina daidai yake.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Manaja ya kira ni ofis. Ba faɗa ya yi ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce hukuma ta ba mu mako uku mu kawo rahoton dalili, kuma ni zan rubuta tunda ni ce mai awo. In laifin lissafi ne a faɗa, in na dutse ne a faɗa, in na hannu ne a faɗa. Da ya zo kan "hannu" sai ya yi dariya, ya ce wannan dai an cire shi, hannun Gwani ba ya kuskure.

Ni ma na yi dariya. Na ji ta a bakina kamar na tauna yashi.

Na ce wataƙila ruwan da aka yi ne ya jiƙa ƙasa. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Ban san na iya ƙarya da sauri haka ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Wurin karin kumallo na tura wa Baba kwalin maganin Inna, na ce ya duba min ranar da zai lalace, wai hannuna da mai. Ya juya shi, ya nisanta shi, ya matso da shi. Sai ya ce masu buga kwali na yanzu rowar tawada gare su, ya ajiye ya ci gaba da shan shayinsa. Inna ta ɗauke kwalin kafin in sake buɗe baki, ta bi ni da wani kallo har na fita.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na je sito da sunan neman igiyar awo. Mai sito ya rufe ƙofa da ƙafa, ya ce cikin rarar fiyus ɗin da aka dawo masa da su ranar Talata akwai mai lamba uku da bai kamata ta dawo ba, takwas kuma ta ragu da ɗaya. Bai kalle ni ba, yana ta goge kantar da ba ta da ƙura. Ya ce shi dai bai ga komai ba, Gwani ne ya kawo shi aikin nan.

Na ce nima ban ji komai ba. Muka tsaya tsuru-tsuru kamar ɓarayi biyu da suka haɗu a gona ɗaya.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Lissafina daidai yake. Sau huɗu na sake shi yau ina roƙon Allah ya sa in tsinci kuskure. Wace irin injiniya ce ke addu'ar ta zama jaka?

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na samu Inna a kicin tana tsince shinkafa. Ban kai ga gama jimla ba ta ce in bar kaza cikin gashinta. Na ce Inna, akwai jarirai a ƙarƙashin rufin asibitin nan. Ta ce ta sani, a can ta haife ni. Ta ce saura wata bakwai Baba ya ajiye aiki da mutuncinsa, a yi masa taro a ba shi agogo, ni kuma ina so in sa a karɓe masa lasisi a gaban yaran da ya koya wa ɗaura takalmi.

Ashe ta daɗe tana rufa masa. Ita ke latsa masa lambar waya, ita ke ce masa ga mataki in sun fita. Abokin aikinsa na shekara ashirin, wanda muke ce wa Kawu, shi ne ke tsayawa kusa da shi a bakin rami yana faɗin lambobi da ƙarfi kamar mai waƙa, kowa ya ɗauka barkwanci ne. Kawu ya yi ritaya watan jiya ya koma ƙauyensu. Na ranar Talata shi ne tashin nakiya na farko babu shi.

Na tambaye ta ko Baba ya san ta sani. Ta ce shekara arba'in da aure, akwai abin da ba a faɗa, ana dai matsar da kofi kusa da hannu.

Lahadi, 8 ga wata, da hantsi

Na sayo tabarau na karatu kala uku. Na ce wa Baba kyauta aka raba a wurin taro. Ya yaba, ya ce Allah ya yi albarka, kafin azahar ya rabar wa maƙwabta. Ya ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi nasa sun fi shekara sittin suna yi masa aiki ba su taɓa neman ɗan dako ba.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gobe akwai tashi. Ga dabarar da na yi. Na rage nakiyar kowane rami, ta yadda ko biyu sun tashi tare ba za su wuce biyar da yawa ba. Manaja ya yi gunaguni cewa dutsen zai fito manya-manya, injin niƙa zai sha wuya. Na ce rigakafi ne. Sannan na roƙi mai sito ya jera fiyus ɗin a akwati bi da bi, ɗaya zuwa sha biyu, babu ƙari ko guda, yadda ko makaho... a'a, ba zan rubuta wannan kalmar ba. Yadda kowa zai ɗauka a jere kawai. Ya ce doka ce a ba da ƙarin kowace lamba saboda wanda ya lalace, amma zai ware su a gefe guda.

Na ji sanyi a raina karon farko cikin mako guda. Har na ci abinci.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe ɗaya da rabi na rana

Na manta wane ne ubana.

Ina tsaye daga nesa kafin in tafi kafa na'ura, na gan shi ya buɗe akwatin. Ya shimfiɗa tsummansa a ƙasa, ya juye duka, na jere da na gefe, ya gauraya su da tafin hannu, ya fara tsinta ɗaya-ɗaya yana kai wa fuskarsa. Dokarsa ce tun ina goye: ba a yarda da jerin hannun kowa, ko na uwarka ne. Shi ya koya min, da ita nake taƙama a makaranta. Yau ita ta kashe ni.

Na taka zan je wurinsa, mai gadin layi ya ɗaga min jar tuta. Marar lasisi ba ya ƙetare igiya in an fito da fiyus, ko 'yar Gwani ce. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya daga rami zuwa rami, a natse, bayansa a miƙe, kyakkyawan aiki kamar kullum.

Biyar da ɗigo uku. Giɓi a uku, ƙaton tsini a takwas.

Na gaya wa Manaja har yanzu ƙasa ba ta bushe ba.

Laraba, 11 ga wata

Ban rubuta rahoton ba.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na yi masa hannunka mai sanda a hanyar komawa gida. Na ce Baba, me zai hana a ɗauko wani mai lasisi daga wata ma'aikatar ya riƙa tsaya maka, ko don gajiya. Ya tsaya cak a bakin titi. Ya tambaya ko wani ya yi ƙorafi a kansa. Na ce a'a. Ya ce to in bar maganar, ranar da ya buƙaci mai riƙe masa hannu, ranar zai zauna a gida.

Sannan ya ce ya ji ana cewa lissafina ne ke wasa. Ya ce kada in damu, kowa da ranar tuntuɓensa, zai je ya sa baki wurin Manaja kada a taɓa ni. Ya dafa kaina kamar ranar da na faɗi jarabawa a aji huɗu.

Shi zai roƙa min. Wayyo Allah, shi zai roƙa min.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na je na ce wa Manaja laifina ne. Na ce na ɗauki ƙarfin dutsen ba daidai ba, a sauke ni, a dakatar da tashi har a samo wani. Na yi tunanin in an tsaya wata biyu, uku, ana neman wani, ana sabon gwaji, wata bakwai ba nisa.

Ya ce ya ji, ya kuma yaba da gaskiyata. Zai ɗauko masani daga waje ya duba lissafin, amma aiki ba zai tsaya ba. Ranar Talata akwai tashi, kuma ta sama da ita za a fara sabon layi, wanda ya fi kusa da asibitin da mita sittin.

Na miƙa wuyana a yanka, wuƙar ma ta ƙi ci. Gaba kura, baya siyaki.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je asibitin na roƙi Sista ta kwashe masu jego daga ɗakin gabas gobe da tsakar rana, minti goma kawai. Ta cire tabarau ta kalle ni. Ta ce gado sha huɗu gare ta, mata sha tara, ina zan so ta kai su, kan bishiya? Ta ce haihuwa ba ta duba jadawalinmu. Sannan ta tambaye ni, tunda ni ce mai awo, me na sani da ban faɗa ba.

Na ce rigakafi ne kawai. Kalmar nan ta fara wari a bakina.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Bakwai da ɗigo biyu. Ramuka uku suka tashi tare. Giɓi a uku, giɓi a shida.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Sista ta zo har ofishina da abu a naɗe cikin zanen goyo. Ta ajiye a kan takarduna ta kwance. Ɓallin siminti ne daga rufin ɗakin gabas, gefe ɗaya da farin fenti. Ta ce tsakanin gado da gadon jariri ya faɗo, uwar ta ɗauke yaron ke nan za ta ba shi nono. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ɗora shi a sikelinmu," in ji ta. "Kilo uku da rabi. Yaron biyu da ɗigo takwas ne."

Ta bar min ɓallin ta tafi. Yana nan a gabana ina rubutun nan. Na ɗaga shi sau biyu, ban san me nake nema ba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe shida na safe

Ina ƙaunar ubana fiye da kowa a duniya. Na rubuta ne don in gani a rubuce kafin in yi abin da zan yi. Shi ya ɗora ni a wuya ya nuna min yadda dutse ke kwanciya in an iya masa. Da aka ce 'ya mace me za ta yi a cikin ƙura, shi ya ce a bar masa 'yarsa. Yau ni ce zan zare masa abin da yake tsaye a kai.

Ina jin haushinsa ma. Bari in faɗa. Ya sani. Ba yadda za a yi bai sani ba.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Na rubuta. Shafi biyu da rabi, da zane uku a manne. Ya fi sauƙi fiye da yadda na zata, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Akwai layi a ƙasa na mai awo, akwai na mai saka fiyus, doka ta ce dole ya gani ya sa hannu kafin a miƙa.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Inna ta ga ambulan a jakata. Ba ta amsa gaisuwata ba. Da zan fita ta ce, ba tare da ta juyo ba, in har zan yi, in yi a gida, kada ya fara ji a bakin Manaja.

Juma'a, 20 ga wata

Na kasa. Baba ya dawo da rake ya fere min da kansa, yana ba ni labarin yadda ya roƙi Manaja a kaina.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An gama.

Baba yana zaune a tsakar gida bayan la'asar yana shafa wa takalmin aikinsa mai saboda Talata. Na durƙusa na miƙa masa, na ce rahoton hukuma ne, sai ya sa hannu. Ya goge hannunsa ya karɓa. Ya daɗe yana kallon shafin farko. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ya miƙo min ya ce, "Karanta min, Uwata. Hasken nan ba shi da kyau."

Rana tana kan takardar tar.

Na karanta. Ranaku, nisa, abin da na lissafa, abin da na'ura ta nuna. Tsinin da ya ɓace a uku, wanda ya kumbura a takwas. Fiyus ɗin da suka koma sito. Ɓallin siminti da nauyinsa. Yana ji yana gyaɗa kai kamar labarin wata ma'aikata ake ba shi, sai da na zo kan nauyin yaron hannunsa ya tsaya a kan takalmin. Da na iso sakin layi na ƙarshe, wanda ya faɗi dalili, sai idona ya tsallake shi da kansa, na faɗa kan "a ƙarshe ina ba da shawara".

Ya ce, "Koma baya. Kin tsallake wani abu."

Na ce babu komai, maimaici ne.

"Tun kina ƙarama in za ki yi min ƙarya sai kin haɗiye yawu. Koma."

Na koma. Na karanta masa da bakina cewa mai saka fiyus ba ya iya bambance lambobin da ke jikinsu, kuma bai kamata ya sake ƙetare igiya ba sai likitan ido ya duba shi. Ya jira ni har na ƙarasa.

Ya ture takalmin gefe. Sannan ya tambaya ko yaron lafiyarsa ƙalau, na ce ƙalau. Ya tambaya namiji ne ko mace, kamar hakan zai canza wani abu. Ya ce ranar farko ya ji a tafin ƙafarsa cewa biyu sun haɗu, ya ce wa kansa fiyus ne ya lalace. Rana ta biyu ma haka ya ce. Ta uku bai ce wa kansa komai ba.

Ya ce in gyara wuri ɗaya. Inda na rubuta cewa matsalar ta fara a watan nan, ba gaskiya ba ne, shekara uku ke nan, in rubuta daidai tunda hukuma za a kai wa. Na gyara da biro a kan gwiwata.

Ya karɓi biron ya sunkuya. Ya kai bakin biron kan takardar, can sama da layin, a tsakiyar rubutuna, ya tsaya. Ya matsar ƙasa, ya wuce. Ina kallo na kasa motsi.

"Injiniya," ya ce, bai ɗago ba. "Nuna min wurin."

Na kama yatsansa na ɗora a kan layin.